Inda Indararo Yake Zuba

Tun da damina ta faɗi a waccan shekarar Hajiya ta kafa mana waƙa ɗaya: a kai ta gidansu. Ka je gaishe ta da safe, gidansu. Ka kira ta a waya ka tambayi ƙafa, ƙafa da sauƙi, to yaushe za a kai ta gidansu. Mahaifiyata ce, kuma ni ce babba a cikinmu, don haka duk wanda ta ishe shi sai ya turo min ita. Ƙannena maza uku ne, kowanne da motarsa, amma da zarar an ce a ɗauki tsohuwa a shiga cikin gari sai ka ji wannan ya yi tafiya, wannan motar tana gareji, wannan kuma ya kashe waya gaba ɗaya. Ni kuwa a lokacin ina fama da makin jarrabawar ɗalibaina, ga gwiwa, ga ciwon suga. Na gaji, kuma ban ɓoye mata ba.

Gidan da take kira gidansu ya daɗe da fita daga hannunmu. Yana can cikin lungunan Jakara, bayan kasuwa. Kakan mahaifinta ne ya gina shi, wani Balarabe falke da ya zo daga Tarabulus ya ga Kano ta karɓe shi ya zauna. Bene ne na ƙasa, da soraye masu sanyi da rufin azara. Bayan rasuwar kakana aka sayar aka raba gado, 'yan kasuwa suka mayar da shi sito, suka cika soraye da buhunan tsamiya da kanwa, har rabin bayansa ya zube ba wanda ya waiwaya. Sai ga shi an ce wasu sun saye shi za su gyara, su mayar da shi gidan tarihi, wai kuɗin daga Amurka ya zo. Ni dai da na ji na ce Allah Ya ba su sa'a, na ci gaba da harkata.

Wata Juma'a na je wajen Inna, ƙanwar Hajiya, na zauna ina zuba mata ƙorafi. Na ce me tsohuwa mai ciwon ƙafa za ta yi a kangon da babu kowa nata a ciki? Inna ta bar ni na gama tsaf, tana gyaran zogale. Sannan ta ce, "Ke ba ki taɓa tambayar kanki ba, me ya sa uwarki take kiran sunanki gatsau alhali ke ce babba?"

Gaskiya ta faɗa. Ƙawayena 'yan fari duk iyayensu mata ba sa kama sunansu, sai dai "ke" ko "waccan", ba sa yabonsu a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da su. Ni kuwa Hajiya tana ƙwala min kira tun daga ƙofar gida. Na ɗauka wayewa ce irin ta jikokin Larabawa.

"Akwai wani kafin ke," in ji Inna. "Namiji. Ta zo goyon ciki gida, ta haife shi a ɗakin da Baba ya gina mata a bayan bene. Bai kai suna ba ya koma. A lokacin irin waɗannan ba a kai su maƙabarta. Bayan ɗakin aka sa shi, aka kifa kasko a wajen."

Ta ce a wani biki da aka yi farkon damina ne wata tsohuwar maƙwabciya ta ba da labari a gaban Hajiya, cewa masu gyara za su haƙa ramin banɗakin baƙi a bayan bene. Tun daga ranar ta fara waƙar gidansu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Inna. Wata nawa tana cewa a kai ta, a kai ta. Da ta ce kabari ne, ai a ranar zan ɗauke ta ko a bayana ne."

"Ɗan fari ne fa," ta ce. "Da wane bakin za ta faɗa?"

"Ke kuma fa?"

"Ni ma ba a aike ni ba."

Haka muke. Mutum zai mutu da magana a ciki don kada a ce ba shi da kunya. Na wuce gidan ƙanina inda Hajiya take zaune, na same ta tana jan carbi, na ce mata gobe za mu je, kuma Inna ta gaya min dalili. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ƙanwar tata tun tana yarinya bakinta ba ya rufuwa, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Goben ba ta yiwu ba. An ce ba a shiga sai da izini, izinin kuma yana hannun wata mai zanen gini da ke kula da aikin, ita kuma ta yi tafiya. Na yi ta bin lambar waya daga wannan zuwa wancan, kowa sai ya tambaye ni daga wace ma'aikata nake. Na ce daga cikin gidan nake, a nan aka haifi uwata. Sai wata Asabar aka ce mu zo.

Mota ba ta shiga lungun, don haka adaidaita sahu muka hau, ya sauke mu a bakin kasuwa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi caɓi, kwata ta cika ta tumbatsa. Ina riƙe da hannun Hajiya, ɗaya hannun da kujerar roba da na ɗauko mata, masu kura suna ta "hanya, hanya" a bayanmu. Tafiyar da yaro zai yi kafin a tafasa shayi, mu sai da muka huta a ƙofar gidaje har na daina ƙirgawa. Ta sa mayafinta na zuwa biki.

Na tsaya a ƙofar gidan na kasa gane shi. Zauren da na sani baƙi ƙirin da hayaƙi da ƙurar buhu ya koma ja, an fito da zanen bango da ban taɓa sanin yana wajen ba. An kakkafa katako har saman bene, magina suna jefa wa juna tubali daga ƙasa zuwa sama, ɗaya yana jefawa ɗaya yana cafewa, ba mai kallon wani. Ko'ina warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Mai zanen ginin ta fito ta tarye mu. Matashiya ce, 'yar Kano, da hular kwano a kan hijabi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Hajiya, ta ce yau sun yi babbar baƙuwa, tun da suka fara aiki ba su samu wanda aka haifa a gidan ba. Yarinya mai hankali, ba zan ci amanarta ba. Sai dai ta riga ta shirya mana zagaye, kuma ta ɗauka abin da muka zo yi ke nan. Ta nuna mana azarar da suka ceto da wadda suka sake. Ta nuna mana wani tsohon hoto da wani matafiyi Ba'amurke ya ɗauka tun zamanin mai gidan na farko, ta ce da shi suke aiki, duk abin da ke cikin hoton za su dawo da shi, duk abin da aka ƙara daga baya sun cire. Ta nuna mana wani baho cike da abubuwan da suka tsinta: duwatsun wuya, tsofaffin kuɗi, guntayen tukwane. Abin da ta fi alfahari da shi kuwa, ba su sa siminti ko cokali ɗaya ba. Ƙasar gidan ce da kanta suke sake kwaɓawa, ta bangon da ya zube da wadda suka haƙa a ciki, su mayar da ita bango.

Na ji maganar, amma ta wuce ni. Hankalina yana kan ƙofar da ke fita bayan bene, ina ta neman inda zan katse ta ban samu ba. Hajiya kuwa sai "Allah Ya yi albarka" take yi, har da gyara mata cewa soron da ta kira na baƙi, na ajiyar fata ne. Kamar ba ita ce ta hana ni barci ba.

Da muka fita bayan, sai na ji hannun Hajiya ya yi nauyi a nawa. Ni na san wajen da ɗakuna da katangu da madafa da turken awaki. Yanzu fili ne fetal. A gefe ɗaya an jera tubali suna shan iska, a tsakiya ƙasa ce da ba a taɓa ba, har ciyawa ta fito, a ɗaya gefen kuma rami ne da ya kai ƙugun mutum, ruwan asuba ya kwanta a ciki.

"Ina ɗakin da yake nan?" Hajiya ta tambaya.

"Na bulo da kwano? Mun cire shi, Hajiya. Ba ya cikin hoto, daga baya aka yi shi."

"Daga baya," in ji Hajiya. "Haka ne."

Na ajiye mata kujera ta zauna. Na jira ta yi magana. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta gyara mayafi, ta ce ginin ya yi kyau. Wallahi na ji kamar in zauna a caɓin nan in yi kuka don takaici. Na ja mai zanen gefe na gaya mata komai. Ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce ba wanda ya gaya musu, sun zauna da masu unguwa, sun zauna da waɗanda suka sayar, duk maza, ba wanda ya ambaci haka. Na ce ina za su sani? Ta ce in Hajiya ta nuna wajen, a yau za ta sa a kewaye shi, banɗakin ma a canza masa wuri. Ta yi alkawari.

Na dawo na durƙusa gaban Hajiya, gwiwata tana ƙara. Na ce, "Hajiya, na gaya mata. Ki nuna musu wajen kawai."

Ta watsa min wani kallo da rabona da shi tun ina budurwa. "Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Ki yi min faɗan a gida. Yanzu dai ki nuna."

Ta daɗe kafin ta miƙo hannu in tashe ta. Muka taka zuwa tsakiyar filin, inda ciyawa take, zuciyata tana cewa Allah Ya sa nan ne. Ta tsaya, ta juya, ta ce a'a. Muka matsa wajen tubalin, ta ce ina rijiya? Aka ce an rufe ta da katako, ga ta can. Ta ce to ai rijiyar ba a nan take ba da, ko kuwa katangar ce ta sa take ganin haka. Ina bishiyar rumman? Ba wanda ya tarar da rumman. Ta nuna wani waje, ta janye hannu. Ta sake nuna wani. Matar da ta san inda kowace allura take a ɗakinta, ga ta tsaye a gidan ubanta ta rasa gabas. Magina sun rage hayaniya, suna satar kallonmu daga sama.

Na mayar da ita kujera. Rana ta fito, irin zafin bayan ruwa mai sa jiki ya yi lis. Ni kaina ban karya da wani abin kirki ba. Na fara tunanin mu haƙura mu tafi, a kewaye tsakiyar filin kawai a ce nan ne, kowa ya huta.

Sai Hajiya ta yi magana, ba ni take kallo ba, saman bene take kallo.

"Indararon can, inda yake da ne?"

Mai zanen ta ce eh, wannan kam ba su taɓa wurinsa ba, ramin da yake ciki na asali ne, sabon itace kawai suka sa daidai tsawon tsohon.

"Da damina ne," in ji Hajiya. "Ina kwance ina wankan jego. In aka yi ruwa ina jin sa yana zuba a bayan ɗaki, daidai wajen. Na ce da babata a matsar da kaskon ya tare, ta ce in yi shiru, mutane za su ji." Ta nuna saman bene. "A zuba ruwa a sama in gani."

Shugaban maginan, wani dattijo mai furfura a gemu, bai tambayi dalili ba. Ya sa aka miƙa bokitai sama hannu da hannu. Aka juye na farko, rufin ya shanye. Aka juye na biyu da na uku, sai ga ruwa ja ya leƙo bakin indararon, ya yi ɗis-ɗis, sannan ya zubo da ƙarfi. Na bi shi da ido tun daga sama, ina roƙon Allah a raina. Bai sauka a kan ciyawa ba. A cikin ramin ya sauka, kusa da bakinsa, yana faɗawa kan ruwan da ya kwanta.

Na ji wani a sama ya yi salati a hankali.

Mai zanen ta juya wajen dattijon, ta ce, "Baba, da kuka haƙa nan, ba ku ga komai ba?" Ya ce wallahi ba su gani ba, da sun gani da sun tsaya. Ya ce in jinjiri ne, ga shekaru, ga ruwa, ƙasa ba ta barin komai. Guntayen kasko dai an tsinta, suna cikin baho. Ta ce bari ta ɗauko bahon Hajiya ta duba.

"Bar shi, 'yata," in ji Hajiya. "Kasko kasko ne."

Yarinyar ta fashe da kuka, tana ba da haƙuri. Ni ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Na so in ce da an yi magana tun farkon damina da ba a kai haka ba. Maganar ta zo min har baki, na dubi fuskar Hajiya, na mayar da ita.

Ita ce ta tambaya. "Malam, ƙasar da kuka ɗiba a nan, ina kuka kai ta?"

Sai a lokacin maganar da aka yi mana a soro ta dawo min. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce jar ƙasa ce mai kyau, ba su zubar ba. Sun haɗa ta da ta tsohon bango, sun kwaɓa, ta kwana tana tsimuwa, suka yi tubali. Ya ɗaga hannu ya nuna katangar gabas, wadda ta tashi daga gindin bene ta nufi rijiya. Sabuwa ce, ba a gama ta ba, samanta ma da ɗanshi.

Hajiya ta tashi ba tare da ta nemi hannuna ba. Na bi ta a baya da kujera kamar wata sakarya. Ta ratsa ta gefen ramin, takalminta yana nutsewa, har ta isa jikin katangar. Ta dube ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, doguwa ce, ba ta san inda za ta tsaya ba. Sai ta tsaya inda ƙafarta ta gaji. Ta ɗora tafin hannunta a kai, yadda ake taɓa goshin yaro a ji ko da zazzaɓi. Bakinta yana motsi, ban ji abin da take karantawa ba. Magina duk sun sauko, wasu sun ɗaga hannu.

Mai zanen ta matso tana share ido, ta ce in Hajiya tana so za su rushe katangar, su mayar da ƙasar inda take.

"A rushe a kai ina?" in ji Hajiya. "Ku bar shi ya tsaya."

Sannan ta juya ga dattijon. A gaban maza baƙi, a gabana, da muryar da take aikena kasuwa, ta ce, "Malam, ɗana ne a ciki. Na fari. In kun zo yaɓe ku yi masa da kauri. Ya sha ruwa da yawa."

Dattijon ya ce, "In sha Allahu, Hajiya. Da hannuna zan yi."

Ba mu ƙarasa zagayen ba. An ce akwai saman bene da ba mu gani ba, na ce wani jiƙon. Fitowa ta fi shiga wuya, don yanzu nauyinta gaba ɗaya a kaina yake, kasuwa kuma ta cika. Na bar kujerar a zauren, ban ma tuna da ita ba sai a hanya. A cikin adaidaita sahu ta jingina da kafaɗata ta rufe ido, har muka fita ta Ƙofar Mazugal ba ta buɗe ba. Ɗaya daga cikin ƙannena ya kira yana tambaya ko an sha yawo, ko Hajiya ta ga gidansu hankalinta ya kwanta. Na ce ta gani, na kashe wayar.

Mun isa gida ana kiran la'asar. Na zaunar da ita a bakin baranda, na cire mata takalmi, na ɗauko buta don ta yi alwala. Da ta miƙo hannu sai na ga tafin ya yi ja, ƙasar ta bushe ta shiga cikin layukan hannunta. Ita ma ta gani. Na tsaya da butar a karkace, bayana yana ciwo, liman har ya tayar da salla a masallacin layin. Ta daɗe tana kallon hannun kafin ta kira sunana ta ce in zuba.